Yadda Ake Zaɓa wa Yarinya Makarantar da Za Ta Ƙona Ran Maƙwabta

Uwar yara, matso kusa. Ni Hansai, mai sayar da atamfa a Funtua, na yi miki alkawari: in kika bi matakan nan, kafin shekara ta zagayo sunan 'yarki zai fito a lasifika. Na gwada su a kan tawa, Najiba, 'yar shekara bakwai.

1. Dubi suna, ƙyale aji

Makarantar da kika iya faɗin sunanta da numfashi ɗaya, wuce ta. Nemi mai dogon suna da ƙaton geti ruwan gwal. Masana sun tabbatar ilimi ta geti yake shiga.

2. Ɗaga jakar littattafan, ki ji

In nauyinta bai kai rabin buhun waken suya ba, wasa suke. Ranar farko Najiba ta goya tata, ta tafi da baya ta faɗi, ƙafafu a sama. Na yi hamdala.

3. Raba ta da ƙawa

A tsohuwar makarantarsu ta bayan kasuwa benci ɗaya suke zama da Barakat, 'yar maƙwabciyata Risikat, Bayarabiya mai sayar da kwanuka. Surutu tun daga zaure har aji. Najiba ta ce, "Umma, to a can wa zan riƙa ba labari?" Na ce, "Littafi."

4. Zaɓi inda aka hana Hausa

Duk yaron da ya yi Hausa, kwali za a rataya masa a wuya har a tashi. In taki ta fara dawowa gida tsit, tana rage tuwo, ta daina yi wa kaji hira, kada ki damu, Turanci ne ke nuna a cikinta. Babanta zai yi tambayar da baban Najiba ya yi mini: "Hansai, anya yarinyar nan lafiya?" Ba shi amsar da na bayar: "Malam, kai dai ka ji da masararka."

5. Gayyaci maƙwabciya ranar rabon kyaututtuka

Sa leshi, ki zauna a gaba. Ni Risikat na ja, da ita da 'yarta. Ana kiran sunan Najiba na rangaɗa guɗa. Shugabar makaranta ta zuba Turanci, ta miƙa mata takarda. Na zunguri Risikat.

"Maman Barakat, fassara mini. Da ƙarfi, na baya su ji."

"Maman Najiba, bari sai mun je gida."

"A'a, nan."

Ta sunkuyo ta rage murya. "Kyautar wadda ta fi kowa shiru ce. Wai shekara guda ba a taɓa jin muryarta ba. Malamarsu har ta ɗauka bebiya ce."

Na dubi 'yata. Tana tsaye ta riƙe takardar da hannu biyu, ko kallona ba ta yi, Barakat take ɗaga wa yatsa a ɓoye.

6. Janye jiki cikin mutunci

Kada ki ce kin yi kuskure. Ce motar makarantar ke sa ta amai. Da hutu ya ƙare na mayar da ita bayan kasuwa. Ajin a cike yake maƙil, allon ma ya tsage, don haka kullum bayan la'asar Risikat kan zaunar da su biyun a shago su yi karatu. Turancin ma ya fara fitowa, tunda yanzu in ta kwafsa dariya ake yi, ita ma ta taya.

Gargaɗi

Bakin da kika buɗe da hannunki, ke za ki ji da shi. Ɗazu surukata ta iso daga Dandume, Najiba ta tare ta tun a zaure: "Kaka, sannu da zuwa! Umma ta ce in kin zo a ɓoye man shanu."

Saboda haka duk abin da ya same ki, babu ruwan Hansai, kuma kada ki neme ni a shago. Ina ƙuryar ɗaki, tsohuwa na tsakar gida, ta ce ba ta tashi sai na fito.