Mai Shara da Sanyin Ƙarfe

Wani ne fa, mai shara a wata makaranta, matarsa kuma tela. Ranar nan ya ce bari ya taya ta aiki. Ya ɗora dutsen guga a kan rigar da aka kawo mata ɗinki, ya tafi amsa sallama. Ya dawo ya tarar da hujin da kan mutum zai shige. Tun daga nan ta daina kula shi, ko gaisuwa sai dai ta gyaɗa kai.

Yana shara a bakin tagar ajin kimiyya, sai ya ji malami yana cewa gishiri abu biyu ne. Ɗaya ya ba da ƙwayar lantarkinsa, ɗaya ya karɓa, shi ke nan sun manne, raba su sai an sha wuya. Gogan ya jingine tsintsiya, ya ce ashe magani a gonar yaro yake.

Ya koma gida ya laluba aljihu, ba abin bayarwa sai waya. Ya miƙa mata. Ta karɓa, ta buɗe, ta ci karo da saƙon da ya tura wa abokinsa, wai dama a karkace ta ɗinka rigar, ƙunar ma rufa mata asiri ta yi. Ta cakumi wuyan rigarsa. Sai da maƙwabta uku suka haɗu kafin aka ɓamɓare ta.

Washegari ya tare malami ya ce mannewar nan gaskiya ce, ya gani da kansa, sai dai ta yi yawa. Malamin ya zaci son karatu ne, ya ce to ya tsaya ya ji na ƙarfe. Shi ƙarfe ba mai ba wani. Kowa zuba nasa yake a tsakiya ya zama na kowa, shi ya sa yake lanƙwasa bai karye ba.

Ya isa gida ya tarar da dangin matar sun zo sulhu. Ya yi gyaran murya ya ce daga yau komai na gidan nan na kowa ne. Ƙaninta ya ce madalla, ya hau babur ɗin mai gidan ya tafi. Surukarsa ta naɗe dardumar falo.

A ƙafa ya je aiki, ya iske malami ya kai inda yake cewa akwai ƙarfen da in aka sanyaya shi iya sanyi, turjiyarsa ga wutar lantarki duk sai ta gushe, wuta ta wuce ba abin da zai tare ta. Turjiya kuwa ita ce damuwarsa. Bai jira ƙarshen darasi ba, ya sayo ƙanƙara cike da bokiti. Ya sami matarsa a kan keken ɗinki, ya laɓaɓo ta baya, ya juye mata a wuya.

Da safe malami ya gan shi yana shara da kunci kamar ya ɓoye lemo a baki. Da ya ji labari ya riƙe kai.

“Bawan Allah, ƙarfe na ce, ba mutum ba. Kuma sanyin da ake nufi, ƙanƙara wuta ce a kansa. To turjiyar ta tafi?”

“Ta tafi sarai, Malam. Tun daga keke har kuncina, ba abin da ya tare hannunta. Wutar ma da idona na gan ta.”