Fankar da Ta Rufa Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da washegarin ranar da na gyara fankar rediyon ofishinmu ba, domin ita ce safiyar da na tona wa kaina asiri da hannuna.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Jigawa ba, ni ne mai kula da rediyon oba-oba a ofishinmu na Gagarawa. Babu tarho, saboda haka duk wani saƙo tsakaninmu da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar ta wannan akwatin yake bi. Kowace safiya shugabanmu Alhaji Sabo zai kira mu ɗaya bayan ɗaya daga Gumel. Ka danna makirfo, ka faɗi abin da ke bakinka, ka rufe da "oba", wato ka gama, saura shi.

Akwatin nawa yana da wata fanka a bayansa mai sanyaya shi, ƙararta kamar injin markaɗe. Da na danna makirfo ita ake fara ji kafin ni. Mista Bitrus na Maigatari, wani mutumin Filato mai son tsokana, har cewa yake, "Ga jirgin Gagarawa zai tashi."

Ni kuwa a lokacin ganin kaina nake na fi ƙarfin wurin (da 'yar takardar shaidar gyaran rediyo da na samo a Kano, sai ka ce ni na ƙera wutar lantarki). Babu wanda ban raina ba, musamman Alhaji Sabo, wanda sai ya gama tambayar gida da gona da ruwan sama kafin ya faɗi saƙon da bai fi layi ɗaya ba. Don in huce haushi sai na ƙirƙiro wata dabara. Idan na ce "oba" da ƙarfi, sai in ƙara "nka" can ƙasa-ƙasa kafin in saki makirfo. Ku haɗa da kanku ku ji abin da ya ba ku. Fanka tana haɗiye ƙarshen, ni ina jin daɗi, har abin ya zame mini jiki.

Sai aka ce ana neman wanda zai koma Gumel ya shugabanci gyaran rediyoyin shiyyar, kuma Alhaji Sabo ne zai zaɓa. Kujerar nan na so ta kamar raina. Na ce bari in nuna masa gwaninta. Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari, na samo fanka a jikin wata matacciyar na'ura. Na dawo na kwance akwatin, na cire tsohuwar da ta cika da ƙura da sheƙar zanzaro, na ɗaura sabuwa, na liƙe wayoyin da dalma. Na kunna, shiru, sai iska mai sanyi a tafin hannuna. Har magatakardan ofis na kirawo ya zo ya ga aiki, na sa shi ya tsaya ya zama shaida.

Washegari Alhaji ya kira. "Gagarawa, Gagarawa, kana ji na? Oba."

Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin ka. Ka lura da wani canji yau? Oba." Nan dai na tsira, ban ƙara komai ba.

Ya ce, "Ikon Allah, kamar kana gefena. Sannu da aiki, Malam." Daga nan ya shiga tambayar gero da wake da lafiyar yara, ya yi ta ja. Na amsa duka cikin ladabi, na kawo ƙarshe, bakina kuma ya yi abin da ya saba.

"Oba... nka."

Tangaran ta fita, ko ni ban taɓa jin muryata da kyau haka ba. Magatakarda ya zare ido. Can sai wani ya danna makirfo daga Maigatari, ba a ji komai ba sai mutum yana ƙoƙarin danne dariya. Na Sule Tankarkar, wanda kullum barci yake a wannan lokacin, ranar idonsa biyu, don sai da ya yi salati.

Alhaji Sabo ya yi gyaran murya. "Gagarawa, saƙo ya iso. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Fankarka ta yi kyau ƙwarai. Tunda ka iya kula da ita, zauna nan ka ci gaba. Oba."

Na riƙe makirfo, na rasa da wace kalma zan rufe. Mista Bitrus aka ba kujerar Gumel. Ni kuma har na bar aikin, daga direbobin tasha har masu shayi, Malam Obanka suke kira na, wasu ma sun ɗauka sunan yanka ne.

Tun daga nan, duk abin da na ji yana ƙara, sai na tambayi kaina me yake rufa mini kafin in ɗauko sukudireba.