Safiyar da Na Mayar da Rabi'u Rabi

Ko tsufa ya cinye mini komai, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsare mutane a bakin get ɗin kamfaninmu ba, ba don sun yi laifi ba, sai don sunan da iyayensu suka raɗa musu.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin takalman roba a Chalawa. A takarda ni mai rubuta manhaja ne. A zahiri kuwa ni ne mai gyaran firinta, ni ne mai dawo wa manaja hotunan da ya goge a waya. (Har firij an taɓa kira na in duba, wai ai duk wuta ce.) Ba wanda ya taɓa tambaya ta me nake rubutawa, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Babban takaicina shi ne manhajar get. Ma'aikaci zai ɗora yatsa a na'ura, ta nemo sunansa, ƙarfe ya juya ya shiga. Wani da ya bar aiki tun kafin zuwana ne ya rubuta ta da PHP, yaren kwamfutar da ko sunansa ba na son ji. Ni kuwa na kamu da son wani yaren, Haskell, wanda duk faɗin Kano ban san da wa zan yi hirarsa ba. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni sai ya sha wa'azi: PHP juji ne, Java kuwa sai ka cika shafi kafin ka ce sannu. Bitrus, abokin ofishina ɗan Kafanchan, yakan ce, "Malam, abin da yake aiki a ƙyale shi mana." In ce masa tsoro ne ke damun sa.

Na daɗe ina bin manajanmu, Alhaji Sa'idu, ya bar ni in sake rubuta ta. Kullum amsarsa "sai mun zauna", alhali a kamfanin nan zama ba ya haifar da komai sai wani zaman. Ranar da ya gaji da nacina ya ce, "Je ka yi. Amma in ta ba da matsala, kar in ƙara jin sunan yaren nan naka a ofishina." Na san dama ɗaya ce tak. In ta yi, a fara kallo na a matsayin ma'aikaci mai sana'a, in ba ta yi ba, ni da firinta mutu ka raba.

Ina cikin aikin na ci karo da wasu munanan layuka a tsohuwar manhajar, masu goge alhamza daga sunaye, wato ɗan waƙafin nan na sama da ke cikin Shu'aibu. Ba bayani ko kaɗan. Na ja tsaki, na kira Bitrus na nuna masa yadda ake raina harshenmu, na share su. Muka gwada da yatsana da nasa, ƙofa ta buɗe lafiya lau. Don burga har na sa aka kafa babban allo a saman get, mai yi wa kowa barka da zuwa da sunansa, na kuma roƙi manaja ya sauko daga mota ranar da za a fara aiki da sabuwar manhajar, ya ɗora yatsa a gaban jama'a.

Ranar Litinin na sha sabuwar shadda. (Mai rubuta manhaja da shadda a bakin get, ai tun daga nan ya kamata in san akwai magana.) Motocin Panshekara suka fara sauke ma'aikata. Musa ya wuce, Ladi ta wuce, ina ta murmushi. Sai Malam Rabi'u, dattijo mai furfura da ke kan injin narka roba, ya ɗora yatsa. Allo ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Barka da zuwa, Rabi." Jar fitila ta kama, ƙarfe ya ƙi motsi.

Samari suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, na tsufa a kamfanin nan, yau kuma Rabi na koma?"

Kafin in ba shi amsa Mu'azu ya zama Mu, Isma'ila ya zama Isma, duk aka tare su. Ashe na'urar tsohuwa ce, da ta ga alhamza sai ta ɗauka suna ya ƙare, ta nemi mai guntun sunan ta rasa. Layi ya kai titi, tireloli suna ta oda, gumi ya jiƙa shaddar. Ina tsaye cikin wannan hali na hango manaja yana ratso mutane, yana naɗe hannun babbar riga. A nan na tuna sunansa.

Na ce, "Yallaɓai, da kun ɗan dakata..."

Ya ce, "Ba kai ka ce in zo ba?" Ya ɗora yatsa.

"Barka da zuwa, Alhaji Sa."

Sai wani daga can baya ya yi ɗan kukan shanu a hankali. Manaja ya karanta allon, ya sake karantawa. Ya juya ya sa maigadi ya buɗe babbar ƙofa kowa ya shige.

Da hannuna na mayar da PHP kafin azahar, har da munanan layukan, Bitrus yana zaune yana kallon bango don kar mu haɗa ido. Ba a kore ni ba, kuma wallahi da korar ta fi mini sauƙi. Sunan ya bi manaja har yau a bayan idonsa, ya kuwa san wanda ya raɗa masa. Tun daga ranar, duk shawarar da na kawo ba ya ko cewa sai mun zauna.

Har yanzu ba na son PHP, da ita kuma nake cin tuwo. Amma in na ga mummunan layi babu bayani, sallama nake yi masa in wuce. Wani ne ya riga ni shan kunya a wurin.