Yadda Na Ci Mayaƙan Kara da Yaƙi

Ina da shekara arba'in da biyu, malamin makaranta ne ni a Faskari, don haka ba ni da uzurin ƙuruciya.

Abokina Sani ne ya saka mini wani wasa a kwamfuta, na takubba da dodanni, haɗe da wani ƙari da masoya wasan suka yi masa don ya ƙara wuya. Kwana huɗu kacal na gane ni gwani ne. Na shiga guruf ɗinmu na waya ina ba sababbin shiga shawara: kada ku sayi garkuwa, kada ku ɗauki magani, abokan gāba ba sa ramawa. Har na ce wuyar da ake faɗa duk ƙarya ce.

Ran Asabar na ɗauki kwamfutar zuwa shagon Sani a Ƙanƙara don in koyar. Mutum shida suka zagaye ni. Na fara sara ina bayani.

Sani ya leƙo. "Malam, mi kake sara haka?"

"Rundunar maƙiya."

"Wanga ai filin koyo ne. Mutum-mutumin kara ne. Ba ka taɓa buɗe ƙofar can ba?"

Na buɗe da ƙarfin hali. Taku uku na yi, wani ɗan bunsuru ya tunkuye ni na mutu. Alhaji Bala mai taki ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Yanzu duk gonar da aka kafa mutum-mutumi, sai an turo mini hotonsa: "Sarkin Yaƙi, a kawo ɗauki."