Tudu Bakwai Zuwa Asibiti

"Lafiya lau na wuni," in ji tsohon, "har zuwa lokacin da na jiyo kukan akwalarki."

"Sannu, Angon benci," in ji jikarsa. "Ya ƙarfin jiki? Ko da yake, ina ƙarfin yake?"

"Yana wurinki, Amarya. Aro na ba ki kike yawo da shi."

Shagon kayan gyaran mota ne, na wani mutum da tsohon ya koya wa aiki shekarun baya. Tun da likita ya yi wa tsohon aiki a gadon baya ya raba shi da sifana, a nan yake wuni kan benci, da matashi a bayansa, yana kushe duk motar da ta gifta. Shekara arba'in ya yi yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, don haka a ganinsa ba wanda ya iya tuƙi, ballantana jikarsa. Ita kuwa a kantin magani take aiki, ta tara ta sayi wata jar motar tsere mai ƙofa biyu, gajera kamar an taka kwaɗo. A cikinta take kai shi gashin ƙashi duk Talata. Shok ɗin motar, ƙarafan da ke shanye girgizar hanya, sun daɗe da mutuwa, yau ta zo sayen sababbi, irin masu sifirin a jiki da zoben da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta.

Mai shago ya ɗora kwali biyu a kan kanta. Na farko mai arha ne, rawaya, sai sheƙi yake. Na biyun ya ninka shi uku a kuɗi, ruwan toka ne ba ado, da ɗan maɓalli a kansa na tausasawa ko ƙara tauri.

"Ba ta rawayan," tsohon ya ce. "Motar da ake shiga da rarrafe a fito da istigfari, me za ta yi da kayan tsada?"

"Arha ba ta ado, Tsoho."

"To ke da na samu kyauta fa? Ko sisi ban biya ba, gani kawai na yi an miƙo min ke a tsumma kina tsala ihu."

"Shi ya sa ka riƙe ni hannu bibbiyu, marowaci. Mutumin da ke wanke fulogi ya mayar sau tara. An ce tsohuwar motarka da tana da baki, da ta kai ƙararka."

"Motata shekara ashirin ba ta taɓa kwana a hanya ba."

"Ina za ta kwana a hanya, ba ta fita? Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, sun ƙyanƙyashe, har sun ga jikokinsu."

"Kajin nan sun fi ki iya kwana. Ranar nan da kika sha kwanar kasuwa, hulata ta riga ni isa gida."

"Gudun kanka take yi. Ba gashi, ba abin kamawa."

Mai shago ya juya baya yana gyara kwalayen da ba su karkace ba, kafaɗunsa na rawa.

Abin da tsohon ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuya shi ne, tsakanin gida da asibiti akwai tudun rage gudu guda bakwai, kuma kowanne ji yake kamar an kafa masa ƙusa a baya. Tsoronsa kada maganar ta kai kunnen 'yarsa, uwar yarinyar. Ranar da ta ji, ta soke tafiyar ke nan, ta ɗauko masa babbar mota da direban da zai riƙa ce masa "to, Baba" har su je su dawo. Tun da aka yi masa aiki kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai. Wannan marar kunyar kaɗai ce yake zagi ta rama, kuma Talatar nan ita ce ranarsa a mako. Ga shi ya san wili masu ƙyalli take tara kuɗin saye, ba ya son guminta ya ƙare a bayan tsoho.

"Cire min sifirin ɗinsu," ya ce wa mai shago. "Bari in nuna wa mai ƙirga ƙwayoyi yadda ake duba ƙarfe."

Aka kawo masa. Ya kafa rawayan a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya danna sandar da tafin hannu. Da ƙyar ta shige, yana saki ta yi tsalle ta dawo da ƙara. Ya danna mai ruwan tokar. Ta sauka a hankali, ta taso a hankali, ba ƙara ba gardama. Hannunsa ya gama ba shi amsa tun kafin ya saki, har sai da babban yatsansa ya shafi ƙarfen bai sani ba.

"Duk ɗaya ne," ya ce. "Fenti kawai suka canza."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Ango. Me ya sa kake shafa wannan kamar kan jariri?"

"Ƙura nake gogewa."

"A kwali ya yi ƙura?"

"Ke dai ki ɗauki rawayan. Ragowar ki sayi wilinki, ko Allah zai sa wani makaho ya gan ki ya taya."

"Ai na riga na samu makaho, ga shi a benci." Ta janyo kwalin toka gabanta. "Wa ya ce min, tun ina riƙe masa fitila a gareji, direban ƙwarai da kunne yake tuƙi? Wa ya ce in mota ta canza murya a saurara?"

"Wani mai hankali."

"To na saurara. Daga ƙofar gida zuwa asibiti bakinka ba ya hutawa. Ka zagi birkina, ka zagi giyata, ka zagi wanda ya ba ni lasin. Amma sau bakwai kana yin shiru. Ko kana tsakiyar zagi, da mun hau tudu sai maganar ta yanke, sai mun wuce da kamar taku ashirin ka ɗora daga inda ka tsaya. A dawowa ma bakwai. Na ƙirga, ai ka ce ƙirga ce sana'ata."

Tsohon ya kawar da kai. Kunya ta kama shi.

"Tasbihi nake yi," ya ce a ƙarshe. "Mai shiga motarki dole ya yi."

"Tasbihi da cije leɓe?"

"Uwarki ta sani?"

"Da ta sani, da yanzu kana kwance a bayan babbar mota ana ce maka sannu. Wa zan samu in zaga? Ba don kai nake yi ba, kar kanka ya kumbura. Shirun nan naka ne ke ɓata min tuƙi." Ta dubi mai shago. "Wannan za a ɗaura. A murɗa maɓallin zuwa mafi taushi, zoben kuma a kai shi can sama."

"Sama?" in ji mai shago. "Ai masu irin motar nan saukewa suke yi har ta kusa lasar kwalta."

"Su ba su da tsohon kaya da za su loda."

"Motar tsere a kan ƙafar raƙumi," tsohon ya ce, yana girgiza kai. "Abokanki za su yi dariya har su faɗi."

"Sun riga sun ƙare dariyarsu ranar da suka gan ka a gaba."

Nan dariyar ta ƙwace masa, ya yi ta yi yana dafe da ƙugu har hawaye ya zubo, ya share da hannun riga ya ce ƙurar shagon ce. Ya laluba aljihu ya ciro wata 'yar sifana da hannu ya cinye wa fenti, wadda likita ya raba shi da komai bai raba shi da ita ba. Ya ajiye ta a kan kwalin toka.

"Ungo, kin ci. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Amma ke za ki shiga ƙarƙashi ki ɗaura, ina zaune ina faɗa miki duk abin da kika ɓata."

Ta ɗauki sifanar ta juya ta a hannu, tana shafa inda fentin ya goge.

"Ga shi ke ma kin yi shiru," in ji shi. "Tudu kika hau?"

"Tanadi bakinka, Tsoho. Ranar Talata ba ka da hutu ko ɗaya."