Ya Bintu Ba Ta Tsoron Aikin Ido

"…lafiya lau na kwana, sai dai kai. Tun daga soro nake jiyo takunka kamar na ɓarawon kaji."

"Ni da na zo kai matata asibiti ne ɓarawo? Ina kwana, amarya?"

Maharazu ne durƙushe a ƙofar ɗakin kakarsa Ya Bintu a Gwammaja, riƙe da injin awon jini da ya aro wajen mai kemis ɗin layinsu. Ya Bintu Babarbariya ce mai haɗa turaren wuta, kuma a unguwar duk amaryar da ba a turara da na hannunta ba sai ta sha gori. Yanar ido ta rufe mata gani, yanzu da hanci da kunne take gane mutane. Sau biyu ana sa mata ranar aikin ido ana dawo da ita gida, don da an ɗaura mata abin awo sai jininta ya hau. An gaya musu in yau ma ya hau za a cire ta daga layi, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake kiranta.

"Kin sha maganinki?"

"Na sha. Kai ka sha naka na muni?"

"Goro fa? An ce ban da goro yau."

"Wane goro? Ni na ga goro?"

"Ai ba ganinsa kike ba, tauna shi kike. Buɗe bakin."

"Ku ji min ɗan Fillo! Ɗana ya tsallake 'yan matan Barno kaf ya ɗauko mana Bafillatana, ga ribar da muka ci. Ƙafa kamar sillen kara, baki kamar reza."

"Ku Barebari in ban da cika baki me kuka iya? An ce ki miƙo hannu a asibiti, kin kama rawa kamar an buga miki ganga."

"Ni? Ni Bintu? Ni da na haifi ubanka ni kaɗai a ɗakin nan, ungozoma ta shigo ta tarar ina tambaya ko an ɗora tuwo? Injinsu ne ba ya ƙaunar Barebari. Ina jin Bafillace ne ya ƙera shi."

Ya ɗaura mata a dantse ya danna. Injin ya yi gurnaninsa ya saki iska, lamba ta fito. Ta kusa ta ranar da aka kore su.

"Me ya ce?"

"Ya ce ki rage ƙarya."

"Ja'iri."

"Kaka, ma'aikaciyar asibitin nan ta ce ba laifinki ba ne. Wai jiki in ya tsorata ɗauka yake kura ce ta biyo shi. Zuciya ta hau bugu da sauri, jini ya hau, baki ya bushe, numfashi ya tsaya a wuya, duk don mutum ya samu ya ruga. Ta ce ki riƙa jan numfashi a hankali kina…"

"Yarinyar da na girmi uwarta ce za ta koya min numfashi? Tun ba a haifi ubanta ba nake yi, ban taɓa fashi ba."

Ya sunkuya zai kwance abin awon, sai caraf ta kama wuyan hannunsa. Tsufa ya ci komai nata ban da riƙo.

"Tsaya tukuna. Mene ne wannan? Tafinka sharkaf da gumi, hannu sai ɓari yake."

"Zafi ake yi."

"Da hantsin nan? To zuciyar da nake ji tana dukan yatsana fa, ita ma zafin ne? Au, ashe kurar kai ta biyo!"

Maharazu bai musa ba, don gaskiya ce. Tun da aka kawo shi yaye ɗakin nan bai koma wajen uwarsa ba, a bayan tsohuwar nan ya girma. Shekaranjiya yana kallo ta miƙa hannu neman murfin kwalba ta dafa garwashi, ta yi shiru don kada ya ji. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron ta ƙare kwanakinta tana laluben bango a gidan da ta fi kowa sani.

"Zauna nan, mijin banza. Ni za a yanka, kai ne kake suma. Jawo min kaskon can."

Ya jawo kaskon da ta turara ɗaki da shi da safe, da sauran wuta a ƙarƙashin toka. Ta lalubi kwalba ta ɗan barbaɗa turare, ta ɗora tafinta a tsakiyar bayansa.

"Sauke kafaɗun nan, sun kai maka kunne. Saki haƙoran, ba ƙashi na ba ka ba. Yauwa. Shaƙi ƙamshin ta hanci har ka ji ya sauka cibiya. To hura garwashin."

Ya hura. Toka ta tashi ta baɗe mata zani.

"Innalillahi! Wutar kara kake hurawa a ruga? Wannan turaren sarakai ne! A hankali ake yi, a ja shi da tsawo, wuta ta yi ja, toka ba ta motsa ba. Kalli yadda 'ya'yan manya suke yi."

Ta shaƙa, cikinta ya ɗago, ta tsuke baki ta saki iska siririya, doguwa, kamar ba za ta ƙare ba. Garwashin ya yi jajir, ko ƙwayar toka ba ta tashi ba. Maharazu ya ga kafaɗunta sun sauko da kansu. Nan ya gane abin da yake kallo: abin da ma'aikaciyar asibiti ta yi ta roƙo a yi ne, tsohuwa ta ƙi, ga shi tana yi da taƙama tun da ita ce malama.

"Ban gane ba. Sake."

"Kan Bafillace sai sanda."

Ta sake. Ya hura da ƙarfi da gangan, ta dungure masa kai, ta sake nuna masa. Haka suka yi ta yi, tana zagin danginsa na uwa har kan shanunsu, yana cewa Barebari da turare suke ɓoye rashin wanka, tana dariya har da tari. Can ya lura nasa hannun ma ya daina rawa, bakinsa ya dawo da yawu.

A bencin asibiti kuwa ba kasko ba turare, sai warin magani. Da aka fara kiran sunaye ya ji yatsunta sun yi sanyi a cikin nasa, numfashinta ya koma sama-sama.

"Amarya, na manta yadda ake hurawar nan."

"A gaban mutane ma sai ka kunyata ni?"

"Wallahi kurar ta dawo."

Ta yi tsaki, ta ɗaga tafinta a buɗe kamar kasko ne a kai, ta shaƙa ta hura a hankali. Shi ma ya ɗaga nasa. 'Yan layi suka zuba musu ido, wata tsohuwa a gefe ta ɗaga nata tafin ita ma. Suna cikin haka ma'aikaciyar ta iso da abin awo ta ɗaura. Maharazu ya kasa kallon lambar, sai fuskar matar yake kallo.

"Masha Allah, Hajiya. Yau lafiya lau. Taso mu shiga."

Ya Bintu ta miƙe ta gyara mayafi kamar mai shiga fada.

"Kun canja injin ke nan."

"Shi ne dai na rannan, Hajiya."

"To ya yi hankali."

Maharazu ji ya yi kamar ya hau kan benci ya gaya wa kowa kakarsa ce wannan. A bakin ƙofa ta ja ta tsaya, ta kwance ƙullin bakin mayafinta, ta danƙa masa farin goro guda.

"Ungo. Tun asuba yake kirana ban amsa ba. Kuma kada ka ɗauka ban san da gangan kake watsa min toka ba. Idona ne ya rufe, ba kaina ba."

"To wa ya ci, ni ko ke?"

Ta yi dariya. "Ka ci, ɗan Fillo. Yau kaɗai. Gobe in za a cire min bandeji ka tsaya a gabana, kai nake so in fara gani. In duba in ga ko zan zauna, ko in nemi takardata."

Aka ja ta ciki, ƙofa ta rufe. Maharazu ya koma kan benci da goron a hannu, ya ji ƙirjinsa ya soma bugu. Sai ya buɗe tafinsa, ya shaƙa, ya hura a hankali yadda toka ba za ta tashi ba.