Ranar da Wayar Malam Isyaku Ta Tona Mini Asiri

Ni na gina wa ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu, Haɗeja, shafin intanet, har na rantse makaho ma zai iya amfani da shi. Dabarar ita ce a rubuta wa kowane hoto ɓoyayyen bayani, wanda ido ba ya gani, sai dai wayar makaho ta karanta masa. Da hotunan suka yi mini yawa, sai na riƙa rubuta duk abin da ya zo mini, da niyyar in gyara daga baya. Ban gyara ba.

Ranar ƙaddamarwa na sha babbar riga, na cika baki a gaban dattawa. Ni da kaina na ce wa Malam Isyaku, makahon da ke cikin ƙungiyar, "Baba, ƙure muryar wayarka kowa ya ji aiki."

Ya ɗora yatsa. Wayar ta ce, da Hausarta irin ta Bature, "Fadama cike da ruwa." Aka tafa, na gyara zaman hula.

Ya matsa gaba. Wayar ta ce, "Alhaji Shugaba yana gyangyaɗi kamar kullum."

Ga Alhaji, shugaban ƙungiyar, zaune dab da ni. Gumi ya keto mini har cikin takalmi.

Malam Isyaku ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shekara da shekaru ina zaton shirun Alhaji zurfin tunani ne."

Har yau, in Alhaji ya hango ni a kasuwa, sai ya ɗaga murya: "Injiniya, rubuta: yau idona biyu!"